Idanu Biyu a Gefe Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba, in har asuba ce,
domin a tsibirin Sørøya ranar Yuni ba ta kwanciya,
sai dai ta ɗan rusuna bayan dutse, ta miƙe.
Na tayar da injin. Ya yi tari sau biyu
irin na mahaifina, sannan ya yarda.

A littafina an rubuta mutum huɗu. Uku suka zo.
Samari biyu daga Hamburg, kyamara ɗaure a goshi,
sun riga sun auna kifin da ba su kama ba,
sai wani tsoho, Wendelin,
da jar safar hannu wadda ta yi masa kaɗan.
Ban tambaya ba.
Ba a jan fatsa kafin a ji motsi.

Sanyin nan ba ya sallama,
ta haƙori yake shiga, ya sauka a gwiwa.
Mahaifina bai bar mini taswira ba,
cewa kawai ya yi, "Ragnfrid,
in hasumiyar coci ta ɓuya bayan ƙahon dutsen can,
saki dalma."
Ta ɓuya. Muka saki. Gaba ashirin, yashi zalla.

Sai jira.
Shi nake sayarwa, su ba su sani ba.
Saurayi ɗaya ya miƙa wa teku karin kumallonsa,
tsuntsaye suka taru suna yi masa godiya.

Na ba su labarin halibut don lokaci ya tafi:
ana ƙyanƙyashe shi kamar kowane kifi,
ido nan, ido can,
sai ido ɗaya ya kama hanya sannu a hankali,
ya tsallake goshi, ya tare wajen ɗan'uwansa.
Daga nan sai kwanciya a kan yashi,
fari a ƙasa, duhu a sama,
yana duban abin da zai sauko.
Samarin suka yi dariya. Tsohon bai yi ba.

Can sandarsa ta durƙusa.
Ya ce, "Dutse na kama."
Na ce, dutse ba ya girgiza kai.
Zare ya yi kuka, ya zube, ya zube,
na riƙe shi ta bel ɗin wando
kamar yaro a bakin rijiya.
Ya jawo taki ɗaya, ta ƙwace uku.
Ta, na ce, domin manyan duk mata ne.
Minti arba'in. Kofi ya huce, ya yi fata.

Sai ga ta, kamar an ɓalle ƙofar gida
an taso da ita daga ƙarƙashin duniya.
Na shimfiɗa igiyar awo a gefen jirgi,
igiyar ta ƙare, ita ba ta ƙare ba.
Irin wannan ba ta hawa jirgina.
Ta girmi samarin nan, cikinta cike da baɗi.

Wendelin ya cire safa ɗaya da haƙori,
ya sa hannu tsirara cikin ruwan da ke yanka,
ya shafa bayanta.
Idanu biyun suka dube shi daga gefe ɗaya.
"Irmela ce ta biya kuɗin tafiyar nan," in ji shi,
"tun bara. Kujera biyu."

Na zare ƙugiya.
Ta tsaya jim, kamar mai neman takalmi a bakin ƙofa,
sannan wutsiya ɗaya, fau,
ta jiƙe mu duka, ta koma.

A hanyar gida samarin suna ta lissafin kilo.
Hasumiya ta fito daga bayan dutse.
Da yamma, ina wanke jini da ɓawon kifi daga dandamali,
na tsinci jar safa ɗaya ƙarƙashin benci.
Na rataye ta kusa da hular mahaifina.
Gobe mutum biyar ne, kuma an ce iska za ta juyo daga arewa.